Kabari Shida Babu Suna

Sau biyu a shekara farar motar nan take hawowa Kyamutunga, kuma ko akuyar garin ta san abin da ke kawo ta. Abu biyu ne: jemagun tsohon ramin zinariya, da jinin Edinansi Kenyangi.

Jemagun ake fara gaisarwa. Masu binciken su kafa raga a bakin rami, su zura fararen rigunan roba har kai, su riƙa ɗauko jemage ɗaya bayan ɗaya kamar masu karɓar haihuwa. A auna fiffike, a goga masa auduga a baki, a ɗebi ɗigon jini, a rataya masa 'yar sarƙa mai lamba a wuya, a sake shi. In an gama da manyan baƙi sai a gangaro gidan Kenyangi. Ita ba a auna mata komai. Hannu kawai za ta miƙa, a cika 'yan kwalabe uku, a ajiye mata sabulu da ƙullin sukari, a ce, "Mun gode, Mukaikuru," yadda ake ce wa tsohuwa in ana son a girmama ta, mota ta juya.

Sau bakwai ta miƙa hannun. Zuwa na takwas, suka tarar da ita a bakin ƙofa tana feraye matoke, ɗanyar ayabar da ake dafawa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Likita Ninsiima ce ta shigo, shugabar masu binciken. Yarinya ce 'yar ƙasar nan, birni bai ɗauke mata ladabi ba, har ƙasa take durƙusawa in za ta yi gaisuwa.

"Mun same ki lafiya, Mukaikuru?"

"Kun same ni."

"Yaya ƙafar?"

"Tana inda kika bar ta. Jemagunki sun tashi lafiya?"

Likita ta yi dariya tana buɗe jaka. "Lafiya lau. Jiya ma muka kama wani da aka sa wa sarƙa shekara uku da suka wuce. Kin san har ina ya je? Wani kogo can bayan tafki, tafiyar kwana biyu a ƙafa, ya dawo abinsa."

"Kika kuma gane shi."

"Ai da lambarsa."

"Ashe." Kenyangi ta jefa ayabar a tukunya, ruwa ya fantsama har kan takalmin likita. "Jemage ya yi tafiyar kwana biyu ya dawo, kin gane shi. Ɗana yana kwance wuri ɗaya shekara huɗu, ko juyi bai yi ba, kun kasa nuna mini inda yake. Rufe jakarki, 'yar nan. Yau babu jini."

Barigye shi kaɗai ya rage mata cikin biyar da ta haifa. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakinta. A ramin yake aiki kamar sauran samarin gari, ba riga saboda zafi, kashin jemage yana zuba musu a baya suna sharewa da hannu. Wata Laraba ya dawo yana cewa kansa zai tsage. Ta ce zazzaɓin sauro ne, ta dafa masa shuwaka. Kwana biyar tana shafa masa ruwa, tana tare amai da tafin hannunta. Da haɓo ya ɓalle, dasashinsa ya fara tsatsafar jini, maƙwabta suka daina leƙowa. Kemirembe ce kaɗai ta ci gaba da zuwa, 'yar Komuhangi ta gidan gaba, tana kwashe tsummokara ta kai rafi, don ta ga bayan tsohuwar ba zai iya ba.

Maza huɗu suka sauke shi zuwa ƙaramin asibitin da ke ƙasan tudu. Kafin mako ya zagayo an kafa tanti a bayan asibitin, an zagaye shi da igiya, mutane masu fararen riguna sun cika gari suna faɗin sunan cutar, Marbag, suna cewa daga jemage take. Kenyangi ba ta ga wannan ba. Ita ma an shigar da ita tantin, kwana goma sha biyu ba ta san sama ba ta san ƙasa. Mutum goma sha ɗaya cutar ta kayar. Biyar suka tashi. Shida aka zuge su a buhun roba aka kai su bayan tanti, ba wanka, ba kuka, ba wanda ya jefa ƙasa. Barigye yana ciki. Kemirembe tana ciki.

A wajenmu, mutum a gonar ayabar gidansu ake kwantar da shi, kusa da ubansa, inda uwarsa za ta riƙa ganin tudun duk sanda ta fita yanko ganye. In ruwa ne ya ci mutum, ko ya ɓace a yaƙi, sai a sare kututturen ayaba a naɗe shi da zane a binne a madadinsa. Abin da Kaganzi, ƙanen marigayi mijinta, ya yi ke nan tana kwance. Ya tara dangi, aka haƙa, aka yi addu'a, aka ci tuwon tamba, aka watse. Ran da Kenyangi ta dawo, ƙafafu kamar tsinke, gashi ya zube, ta tarar an ƙona mata katifa da zannuwa, sannan aka kama hannunta aka kai ta gaban sabon tudu aka ce ga ɗanta.

Ta nemi fartanya. Kwana biyu ta yi tana tono tana hutawa, ta jawo kututturen ya riga ya fara ruɓewa, ta jefa wa aladun Kaganzi.

"Ruwa ne ya ci shi?" ta ce masa. "Yaƙi ya tafi? Ga shi can ƙasan tudu, tafiyar awa biyu. Ni ban yi naƙudar ayaba ba."

Ta rufe ramin da tsohon kwanon rufi, ta danne da duwatsu, ta fara yawo. Ciyaman na ƙauye ya ce ba huruminsa ba ne. A asibiti aka ce wurin kaburburan a kulle yake, makulli yana gunduma. A gunduma, sau uku tana zuwa, sau uku mai sa hannu ya tafi taro. Kowa da abin da yake ba ta ta koma da shi: haƙuri. Fada na coci ya ce haƙuri, Kaganzi ya ce haƙuri, har yaran ofis da ba su kai jikokinta ba sun iya cewa haƙuri. Da haƙuri abin ci ne da ta yi ƙiba.

Su masu farar mota, duk zuwa sai ta tambaye su, duk zuwa sai su ce za su bincika. Su da aikinsu ke nan, bincike.

Likita Ninsiima ta rufe jakar, amma ba ta tashi ba.

"Mukaikuru, bari in gaya miki gaskiya. Cikin ku biyar da kuka tashi, biyu sun bar gari, ɗaya ya rasu, ɗaya kuma jininsa ya fara manta cutar. Ke kaɗai ce har yau jininki yake riƙe da makaminsa. Da shi muke auna rigakafin da ake haɗawa. In aka dace, babu uwar da za ta sake ganin abin da kika gani."

"To ni ce saniyar da ke da nono."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ne mana. Ubanki ba shi da shanu? Saniya in aka ɗauke mata maraƙi, tana sakin nono? Sai dai a cusa ciyawa a fatar maraƙin a ajiye mata a gaba ta yi ta lasa, a tatse ta tana wauta. Ni an gwada mini da kututturen ayaba, kun gwada mini da sukari. Ya isa."

"Lokacin da abin ya faru ina makaranta."

"Ban ce ke kika binne shi ba. Amma rigarku ɗaya."

Likita ta dubi ɓawon ayabar da ke ƙasa. Sannan ta ce a ba ta kwana uku.

Ta cika alkawari, wannan kam ba a ɗauke mata ba. Ran na uku da hantsi motar ta zo, Kenyangi ta ɗaura zanenta na coci, aka gangara. A bayan asibiti wani mutum yana jiransu da makulli, siriri, idanu jajaye, warin tonto, giyar ayaba, yana tashi daga jikinsa tun rana ba ta yi zafi ba.

"Wannan Tindyebwa ne," in ji likita. "Shi ne mai feshin magani a lokacin. Yana cikin waɗanda suka haƙa."

"Na san shi. Ɗan maƙeri ne. Ni na riƙe uwarsa ran da ta haife shi, ya fito yana ihu kamar abin kirki."

Tindyebwa ya durƙusa. "Maawe," ya ce, wato uwata.

Ya buɗe ƙofar. Ciyawa har ƙugu. Da ba a faɗa ba, ba za ka ce akwai mutane a wurin ba. Sai ka sa ido sannan ka ga inda ƙasa ta lotsa, wuri shida, uku a gaba uku a baya. Kenyangi ta tsaya, ta dafe ƙirji da hannu ɗaya.

"Wanne ne?"

Likita ta dubi Tindyebwa, Tindyebwa ya dubi ƙasa.

"Kurame na zo da su? Na ce wanne ne?"

"Akwai littafi," in ji likita a hankali. "Wata nas ta rubuta sunan kowa, ta zana inda aka sa shi. Kwana biyu na yi ina neman littafin, har na samu nas ɗin a waya. Ta ce a cikin tanti take ajiye shi, don can take aiki. Dokar aikin kuwa, duk abin da ya shiga tantin ba ya fitowa. Ran da aka gama, aka tara katifu da barguna da wayoyin mutane, aka zuba fetur."

"Har littafin."

"Har littafin."

"Amma mun kafa turaku, Maawe," Tindyebwa ya karɓe da sauri. "Na rantse mun kafa. Kowa da katakonsa, da sunansa, da baƙar tawada, manya-manyan baƙaƙe. Ni da hannuna na buga na Barigye."

"Ina suke?"

"An ce mini in fesa komai. Komai, safe da yamma. Ƙasa, igiya, takalma, duk inda ƙafa ta taka. Ni kuma na ga nan ne cutar take kwance, sai na fi ba nan ƙarfi. Kullum in wanke turakun nan sharkaf. Ban san ruwan maganin yana cin tawada ba. Wata safiya na cire tabarau na duba, duk sun yi fari fat kamar ba a taɓa rubutu ba. Na ce ba komai, ai akwai littafi."

"Su kuma masu littafi suka ce ba komai, ai akwai turaku."

Gara ta daɗe da cinye katakon ma.

"Kai ka haƙa," ta ce. "Ɗana dogo ne. Ba ka tuna ramin da ya fi tsawo ba?"

"Duk tsawo ɗaya aka ce mu yi. Rana ɗaya mun sa uku. Tabarau ya yi tururi, gumi yana shiga ido, ba ka ganin ko hannunka. Wani lokaci in ce na baya ne a tsakiya. Wani lokaci in ce na gaba. In na ce miki ga shi, Maawe, ƙarya na yi miki."

Ta ɗaga hannu. Ya runtse ido yana jira, har ya miƙo kuncin. Hannun ya tsaya a sama, ya sauko da kansa. Me za ta mara? Giya ta riga ta gama da shi.

A nan idonta ya kai kan ɗaya daga cikin shidan, na biyu daga shinge a layin gaba. Shi babu ciyawa. An share shi tas, an ɗaga masa ƙasa, an jera masa fararen duwatsun rafi.

"Wancan fa?"

"Komuhangi ce, uwar Kemirembe," in ji Tindyebwa. "Duk Asabar take zuwa. Ta inda waya ta ɓalle take ratsowa. Ban taɓa hana ta ba."

"Ita an nuna mata nata?"

"Ba wanda ya nuna mata. Ba wanda ya sani."

A hanyar komawa likita ta sa direba ya tsaya a gindin wata bishiya, ta juyo.

"Akwai hanya ɗaya. Ba alkawari nake yi ba. Jinin uwa yana gane ƙashin ɗanta, muna da na'urar da ke nuna haka. Shekara huɗu ta wuce, in aka bi a hankali ana iya buɗewa. Amma tunda ba a san wanne ba ne, sai an buɗe duka shida. Zan nemi izini a birni, zan tsaya a kai. Sai dai ba za su ko karanta takardata ba sai kowane gida ya yarda. Gida biyar ban da naki. In ɗaya ya ƙi, shi ke nan."

"Ba ni takardar."

Motar ta koma birni babu jini. Kenyangi ta ƙulle takardar da ɗan gwangwanin tawada a leda, ta soke a ƙugu, ta ɗauki sanda.

Ɗaya daga cikin shidan baƙo ne da ya zo haƙar zinariya ya mutu ba a san garinsu ba, ciyaman ya sa masa hannu, don ya rabu da bakinta. Matar ɗaya daga cikin mamatan ta sake aure a bayan kasuwa, ta dangwala yatsa a tsaye da goyo a baya, tana waige kada sabon mijin ya gani. Wani tsoho can kan tudu na uku, da ɗansa yake cikin shidan, ya sa ta maimaita maganar sau biyu, sannan ya ce, "Za a kawo mini shi gida?" Ya dangwala, ya ƙi goge yatsan, ya bi ta har bakin hanya yana nuna wa mutane. Gida na huɗu suka ce tono zai tayar da cutar, suka sakar mata kare. Ta zauna a ƙofarsu daga safe har la'asar, ta koma washegari, ta koma jibi. Ran na huɗu mai gidan ya fito ya ce, "Kawo, jarababbiya." Mako biyu, yatsa huɗu.

Saura gidan da ya fi kusa. Daga ƙofarta ana jin tarin Komuhangi.

Shekara ɗaya aka kawo su garin nan amare. Tare suka yi noma, yau gonar wannan gobe ta waccan. Komuhangi ce ta yanke wa Barigye cibiya, Kenyangi ce ta yanke ta Kemirembe. Amma tun da aka kwashe tantin nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. In suka yi kiciɓis a hanyar rafi, ɗaya sai ta faɗa cikin ayaba kamar mai neman wani abu.

Kenyangi ta same ta a tsakar gida tana bakacen tamba.

"Masu gida."

"Gidan babu kowa. Kin fi kowa sani." Faifan bai tsaya ba. "An ce kina yawo da takarda kamar mai neman ƙuri'a."

"Saura ke."

"Kullum saura mu. Ran da za a wanke tsummokaran ɗanki ma duk gari aka gudu, saura 'yata."

Kenyangi ta ce, "Ban kira ta ba."

"Ba ki kore ta ba."

"Na ɗauka zazzaɓin sauro ne! Ke da bakinki kika leƙo ta kan shinge kika ce a ƙara masa shuwaka."

"Na faɗa. Shi ya sa har yau ganyen nan ba ya shiga tukunyata." Ta ajiye faifan. Ta rame, wuyanta duk jijiya. "Zauna mana. Kin tsaya mini a kai kamar ɗan sanda."

Kenyangi ta jawo turmi ta kifa, ta zauna, ta warware ledar. "Ba ni kaɗai za a yi wa ba. Ke ma za a ba ki taki. A kawo miki ita nan bayan ɗaki, ki huta da ratsa waya kamar ɓarauniya."

"A kawo mini me? A zube ta a kan leda, a jera ta kamar itacen girki, wani ƙato mai safar hannu ya ɗauki haƙarƙarinta ya tafi da shi birni? Da cikin wata shida aka sa ta a ramin nan, Kenyangi. Abin da ke cikin ma jerawa za a yi?"

"Likitar tana da hankali."

"Waɗancan ma da hankalinsu suka ƙona littafi. Ni na san inda 'yata take."

"Ba ki sani ba. Tindyebwa ya ce ba wanda ya sani."

"Tindyebwa ya san ƙofar gidan giya. Ran da na fara shiga wurin nan, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan na biyu daga shinge, ƙafata ta ƙi gaba. Kamar an riƙe ni ta ƙasa. Na ce Kemirembe, ke ce? Sai na ji zuciyata ta kwanta. Shekara huɗu ina share shi. Ina ba ta labarin wanda ya yi aure, da wanda ya mutu, da yadda wake ya yi bana. Yanzu ki zo da likitarki a tona a ce mini ba ita ba ce? A ce baƙon nan da ba a san garinsu ba nake yi wa hira? Ko kuwa," muryarta ta karye, ta gyara ta, "a ce ɗanki ne? Ki kwashe shi ki tafi gida, ki bar ni da rami?"

"In aka ce ɗana ne, sai in durƙusa in gode miki."

"Riƙe godiyarki. Gidanki ya ɗauke mini ita sau ɗaya. Ba zai ɗaga ta sau biyu ba."

Kenyangi ta buɗe gwangwanin tawadar ta ajiye a ƙasa tsakaninsu. Ta roƙa, ita da ba ta taɓa roƙon ko gishiri ba. Ta tuna mata shekarar yunwa da suka raba rogo ɗaya. Ta tuna mata cibiya. Da roƙo ya ƙare ta koma zagi, ta kira ta mai taurin kai, mai bautar duwatsun rafi, wadda ta fi son ƙarya mai daɗi da gaskiya. Komuhangi ta cusa hannayenta biyu a hammata, hawaye yana bin kuncinta ba ta share ba.

Kenyangi ta rufe gwangwanin. "To zan jira. Ko ki dangwala, ko ki mutu ƙaninki ya dangwala."

"Ko ki riga ni."

"Ba zan riga ki ba. Cutar da ta kashe ƙarti ta gwada ni ta bari."

"Allah ma ya san abin da ya guje wa."

Kenyangi ta kai bakin shinge ke nan Komuhangi ta yi magana a bayanta, ba da faɗa ba.

"Ke da kika haife shi, kin taɓa zuwa kin tsaya? Ofis-ofis kika yi ta bi. Je ki tsaya. Jiki ya fi takarda sani."

Ba ta waiwaya ba. Amma maganar ta bi ta har gida, ta zauna mata a ƙirji kwana uku. Ran Asabar da sassafe ta gangara tudu. Ba ta nemi makulli ba. Ta zagaya ta bayan asibiti, ta samu inda wayar ta ɓalle, ta sunkuya, ƙayar ta kama mata zane ta fizge.

Komuhangi tana can, zaune a gefen nata, tana tsince ciyawar da ta tsiro tsakanin duwatsu. Ta ɗago ta gan ta, ta mayar da kai.

Kenyangi ta jingine sanda. Ta cire takalmanta na roba ta ajiye gefe, don kada wani abu ya shiga tsakaninta da ƙasa. Raɓa ta jiƙa mata ƙafa. Ta fara da na farko a layin gaba, ta tsaya a kai, ta rufe ido. Ta jira. Wani zakara ya yi cara a gidajen ma'aikata. Ta buɗe ido ta wuce na uku. Ta koma layin baya, ɗaya, biyu, uku. A kan kowanne sai ta tsaya ta ce, "Barigye," can ƙasa-ƙasa, yadda take tashinsa in zai yi sammakon rami.

Ƙafar ta ɗaga duk sanda ta ce ta ɗaga.

"Ba da fushi ake yi ba," in ji Komuhangi, ba ta dube ta ba. "Tafi a hankali."

"Ban tambaye ki ba."

Amma ta rage sauri. Ta sake zagayowa, tana jan ƙafa cikin ciyawa, tana danna yatsu a ƙasa. A na tsakiyan layin baya ta ji wani abu ya tsarga mata a diddige, zuciyarta ta buga, ta sunkuya da sauri. Ƙaya ce. Ta cire ta jefar.

Zagaye na uku ta kira shi da ƙarfi, har wata nas ta leƙo ta taga ta koma. Ta gaya masa ita ce. Ta gaya masa kada ya ji tsoron bakinta, ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce in ma fushi yake yi don ta ba shi shuwaka kwana biyar maimakon ta kai shi asibiti, ya yi fushin, amma ya riƙe ƙafar, ko sau ɗaya.

Rana ta ɗago, raɓa ta bushe. Saura guda ɗaya da ba ta taka ba. Ta zo ta tsaya a gabansa. Komuhangi ta dube ta, ta daɗe, sannan ta janye ƙafafunta ta ba ta wuri. Kenyangi ta taka tsakanin fararen duwatsun. Ƙasar a nan da laushi, an saba taɓa ta. Ta rufe ido. Su biyu suna jira, kuma kowace ta san abin da ɗayar take tsoro.

Babu komai. Ƙasa ce, da ɗumin rana a kanta.

"To?" in ji Komuhangi.

Kenyangi ta sauko. Ta dubi ƙafafunta, faso ya tsattsage su, ƙasa ta cika farata. Su suka ɗauke shi wata tara, su suka goya shi zuwa gona, su suka taka gunduma sau uku da tudu uku saboda shi. Yana nan, bai fi taku goma daga inda take ba, kuma ba su sani ba.

Ta juya ta koma bakin shinge, kan na farko, ta sake tsayawa.